Kwana Uku a Hannun Mai Gyara

Rumfata tana Kasuwar Barci,
tsakanin mai atamfa da mai shayi.
Shekara tara ina buɗe cikin waya.
Na san ciwon batir, na san na caja,
na san wadda ta faɗa kwata,
na san wadda yaro ya tsoma a tukunyar miya.

Ran Talata bayan la'asar
Basira ta miƙo mini tata,
gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo.
Na ce, "Faɗuwa ta yi?"
Bakinta ya ce e, idonta ya ce a'a.
Na san aikina.
Hannu ne ya maka ta da bango.

Shekararta sha biyar, hijabin makaranta,
tawada a yatsa, farcen duk ta cinye.
Na jona wayar, ta farfaɗo,
saƙonni suka sauko kamar fara a gona.
Ban yi niyyar gani ba, ido ne ba shi da marfi:
hotonta ne, an ja hancin, an kumbura leɓen,
a ƙasa mutum ɗari huɗu suna dariya,
rabinsu ko Tudun Wada ba su taɓa takawa ba.

Gyaran minti ashirin ne.
Sabon gilashi na cikin akwati, a ƙarƙashin gwiwata.
Na ce, "Sai an kawo daga Legas. Kwana uku."
Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.

Ta ce, "In na yi shiru, me za su ce?"
Na ce, "Abin da za su ce in kin tanka."

Da magariba na bi ta layinsu.
Uwarta na bakin ƙofa tana suyar awara.
Na ce, "Lantana, ba waya kaɗai ta fashe ba."
Ta ajiye matsami.
Ta ce, "Haske muke gani a ƙarƙashin bargo har biyun dare,
mun ɗauka karatu ne.
Tuwo ya kwana a kwano, muka ce yanga.
Ta daina dariya, muka ce girma ya zo."
Na ce, "Kada ki ƙwace, kada ki daka.
Zauna kusa da ita, ki tambaya,
sannan ki kama bakinki har ta gama.
In barci ya ƙi dawowa, akwai likita a Barnawa,
zuwa wurinsa ba hauka ba ne.
Zuciya ma tana zazzaɓi."
Man ya fara ƙauri, ba ta kula ba.

Ran Juma'a suka zo tare.
Basira ta ce, "Daren farko kuka na yi,
hannuna yana ta laluben ƙarƙashin matashi.
Na biyu, ko kiran assalatu ban ji ba.
Jiya ni da Inna muka tsaya a kan gada,
ashe kogi ya cika haka,
ashe ruwan sama ya yi wata yana zuba."

Na ɗauko gilashin a gabanta.
Ta dubi akwatin, ta dube ni.
"Legas ɗin ke nan?"
Rabin murmushi ne, amma na karɓa.

Muka toshe su ɗaya bayan ɗaya,
wasu sunayen yatsanta ya yi rawa a kai,
'yan ajinsu ne, da su ake cin gyaɗa a tara.
Ba ta warke ba, ban ce ta warke ba.
Wayar dai za ta riƙa kwana a ɗakin uwa,
ita kuma ta kwana a nata.

Na rufe rumfa, na hau keke zuwa Rigasa.
Ƙarfe goma sha ɗaya, gida ya yi tsit,
sai wani siririn haske a ƙarƙashin ƙofar Mudassir,
ɗana, mai shekara sha huɗu.
Shekara tara ina gyaran na mutane.
Na ajiye tawa a kan tabarma,
na ƙwanƙwasa.