Shafi na Tara

Ni na buga jawabin da daddare,
janareta na tari, sauro na duba aikina.
Shafi goma sha ɗaya, na ƙirga da yatsa mai miyau.
Da safe ya dawo hannuna goma cif,
an sake masa ƙusa, ramin tsohuwar na kallona.

Hantsi bai dubi ludayi ba muka shiga zaure,
Birnin Kebbi, ran Talata, fanka na niƙa zafi.
Sandar majalisa kwance kan tebur
kamar taɓaryar da ta gama daka.
Na zauna bayan Kwamishina,
inuwar rumbu, ba a tambayarta me ke ciki.

Honarabul Gado ya miƙe, hula a karkace:
"Ranka shi daɗe, buhun albasa in ya bar Aliero,
ana yagar masa rasit a bakin kasuwa,
a yaga masa a tasha, a yaga masa a shingen hanya.
Dokar ga da kuka kawo,
za ta haɗiye ukun ne, ko ita ce ta huɗu?"

Maigida ya gyara gilashi, ya kurɓi ruwa.
"Kwamiti na nazari.
Za a daidaita, za a tace, za a tuntuɓa."
Kalmomina ne. Na san inda na sa waƙafi,
a nan ya ja numfashi.

"Nawa aka tara bara?"
"An samu ƙari, kashi goma sha bakwai cikin ɗari."
"Nama muka tambaya, ka miƙo muna ƙashi!"
Zaure ya ɗauki dariya, har mai gadin sanda,
Kakaki ya buga guduma yana ɓoye haƙora.
Dariya ta wanke tambayar, ta tafi da ita
yadda gulbi kan tafi da kwanon mai wanki.

Ba wanda ya ce, daga takwas me ya kai mu goma?

A shafi na tara na jera lissafi biyu:
rasit nawa aka yaga,
naira nawa ta iso asusu.
Tsakaninsu rata, tirela za ta juya ciki
ba ta taɓa gefe ba.

Ban koyo wannan a ofis ba.
Babana Nomau bai san boko ba,
amma duk takardar da hukuma ta ba shi
yakan lallaɓa ta cikin gwangwanin madara,
ƙarƙashin gado, kusa da irin albasa.
Da na je gida hutun Sallah na zazzage:
shuɗi, ja, fari, duk sun sha warin fadama.
Guda biyar lambarsu ɗaya.
Biyar! Hatimi ɗaya, kasuwa daban, hannu daban.
Ya ce, "Mi ka gani?" Na ce, "Ba komai, Baba."

Ƙarfe ɗaya aka ce masu goyon baya su ce e.
E ɗin ta girgiza labule.
Doka ta wuce karatu na biyu,
ita ma ba ta karanta shafi na tara ba.

A bakin mota Maigida ya dafa kafaɗata:
"Aikinka ya yi kyau, Tambari."
Turarensa ya bi ni har bakin titi.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara.
"Mun ji ubangidanka ga rediyo, ɗiyana.
Ya iya magana. Kai ka rubuta mai?"
Bayansa ina jin ana jifar buhu cikin mota,
wani na kiran a kawo kuɗin rasit.
Na ce, "Baba, layin ba kyau, ba na jin ka."

Kwafin yana aljihun gabana, ninki huɗu.
Gumi ya fara cin lambobin.
Gobe Laraba, akwai zama ƙarfe goma,
kuma Honarabul Gado, an ce,
da ƙafa yake zuwa daga masallaci.