Ni da Barsu a Dutsen Adar

Tun assalatu muka bar Tamaske,
ni da karen da ba nawa ba.
Na wana ne, Nomau,
da ya tafi ci-rani Abijan, damina uku ke nan,
ya bar mini shi, da bashin taki.
Barsu ya raɗa masa,
amsa ga masu cewa mala'iku ba sa shiga gidanmu.

Jar akuya ce ta fito da mu,
cikinta ya tsufa, kwana biyu ba ta kwana gida ba.

Mun ratsa fadama, masu albasa na ban ruwa,
wani ya ce, a sauka lafiya, malam da almuhajirinsa.
Na yi dariya don kada in yi magana.
Daga nan ƙasa ta ƙare, sai tsakuwa,
baƙa, mai kaifi, mai cin takalmi ta nemi ƙafa.
Shi yana gaba, wutsiya kamar lauje,
ya hau, ya dawo ya dube ni, ya sake hawa.
Dutsen da na hau sau ɗaya
shi ya hau shi sau uku.

Da hantsi ya tashi fakara daga gindin sabara,
ya bi ta har ya ji kunya.
Na tsinci wani dutse, katantanwa ce sak.
Mushe Arzika ya taɓa ce mana a lakwal
nan duka teku ne a da.
Mun yi masa dariya ran nan.
Yau na sa teku a aljihu, maƙogwarona a bushe.

Rana ta take tsaka, inuwata ta shige ƙarƙashina.
Muka raɓe a gindin aduwa mai rowar ganye.
Na girgiza gora: abin da ya rage
ko alwala ko kare, ba ya isar biyu.
Harshensa ya zubo har yana taɓa ƙasa.
Bai roƙa ba. Da ma ya roƙa, da na ji sauƙi.
Na nemi dutse mai kwarmi na tsiyaye masa,
na bugi ƙasa da tafi biyu na yi taimama.
Da na sallame, dama babu kowa,
hagu ga shi kwance, yana cizon ƙarangiya a dagi.

Can sama akwai jerin duwatsu, tsawon gwiwa,
suna bin ƙugun tudu don tare ruwan sama.
Mata suka jera su, ina goye a lokacin.
Inna Tsahara na cewa kowane dutse a nan
ya san tsakar kanta.
Na dafa ɗaya. Da zafi, kamar goshin mai masassara.
Bayansa ciyawa ta kama, har da 'yar magarya.
Ita ba ta ga magaryar ba.

Nan Barsu ya tsaya cik, ƙafa ɗaya a sama.
Bai yi haushi ba, kuka ya yi siriri, ta hanci.
Ga ta a lungun jerin, ta haihu biyu.
Ɗaya na rawar ƙafa yana laluben nono,
ɗaya ƙudaje sun riga mu gaisuwa.
Na dubi kare, tun jiya bai ci komai ba.
Ya sunsuna, ya ja da baya, ya zauna.
Na ɗora wa gawar duwatsu uku,
ba daga na Inna ba.

Gangara ta fi hawa mugunta.
Ɗan akuya a wuyana, fitsarinsa mai ɗumi na bin bayana,
uwar na biye tana zagina da yarenta,
Barsu a ƙarshe yanzu, yana ɗingishi,
yana ƙirga mu.

Mun iso ana kiran magariba daga masallatai uku,
ba su daidaita baki ba.
A ƙofar gida ya tsaya inda ya saba tsayawa.
Na ba shi ƙanzon tuwo da ruwa a kaskonsa.
In Nomau ya kira ran Juma'a
zan ce masa akuya ta haihu.
Zancen a ba wani karen, da na yi niyyar tayarwa,
a bar shi tukuna.