Fakon Badagishiri

Shekarar da aka sallame ni daga kamfanin siminti na Malbaza
na dawo Badagishiri da tabarma, da rediyo marar batir,
da zuciya mai tauri kamar fako.
Ina salla, ban bari ba.
Goshina na taɓa ƙasa sau talatin da huɗu a yini,
amma ni da ƙasar ba mu taɓa gaisawa ba.

Baba Nomau ne ya miƙo mini diga.
Ya ce, "Fakon bayan gari ba mai so, je ka gwada."
Fako, ƙasar da ta rantse ba ta shan ruwa:
in sama ta zubo sai ta kau da kai,
ruwan ya gangara ƙorama
ya tafi da gonar wani.

Na haƙa rabin wata, bakinsa na kallon tudu,
na haƙa wani a bayansa,
har tafin hannuna ya yi kanta, kantar ta fashe.
Kowane rami na zuba masa taki tafi biyu.
Na ce, "Baba, saura me?"
Ya ce, "Saura gara."

Gara!
Wadda ta cinye azarar ɗakin uwata,
ta shiga akwati ta lashe takardar shaidar aikina.
Ita ce ta zo da dare, ba fitila, ba sallama,
ta bi warin taki ta huda fako,
ta yi hanyoyi sirara kamar jijiyoyin bayan hannun tsohuwa.

Da ruwan farko ya sauka, bai gudu ba.
Ya tsaya.
Ya yi jim, kamar baƙo a bakin zaure,
sannan ya shige.
Ina durƙushe a bakin ramin, rigata sharkaf,
na lalubi addu'ar da ake yi wa irin wannan, ban samu ba.
Sai wani abu a ƙirjina
shi ma ya yi jim, ya shige.

A rami na goma sha ɗaya ɗan gawo ya tsiro.
Ba ni na shuka shi ba,
akuyar Tasalla ce ta kawo irinsa cikin kashinta.
Mutane na yi masa kirari da mai ƙin ruwan Allah,
don yakan tuɓe ganye da damina.
Shekara tara ke nan muna zaune tare,
ban ga ƙiyayya a jikinsa ba.
Yana tuɓewa ne gero ya ga rana,
in rani ya ƙone kowa, shi ya yi kore,
ya zubo wa tumaki 'ya'ya, ba ya ƙirgawa.
Ban taɓa jin ya ce wa kowa ga abin da na yi ba.

Baba Nomau ya rasu bara, bayan yankan gero.
Da muka haƙa masa, ƙasar ta buɗe da sauƙi,
da ɗan sanyi a cikinta.
Na tuna gara, ban ji tsoro ba.

'Yata Hajo na bugo waya daga Yamai,
wai in zo, akwai fanka, akwai famfo a tsakar gida.
Nakan ce sai an ɗaure damma.
In an ɗaure, in ce sai akuya ta haihu.

Yau la'asar ta same ni nesa da rijiya,
buta ba ko ɗigo.
Na sunkuya zan yi taimama a gindin gawon,
sai ga tururuwa ɗauke da ƙwayar gero
tana ratsa daidai inda zan ɗora hannu.
Na dakata.
Lokacin salla bai fita ba tukuna,
ita kuma tana da nisan tafiya.