Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Shekara ashirin da shida ina riƙe da almakashi
a wani lungu na Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna don su leƙa teku.
Na aske matuƙan jirgi, na aske 'yan dako,
na aske ango da hantsi, na gyara gawa da la'asar.
Kullum in rana ta faɗi
sai in share gashin mutane in ɗura a buhu.
Ban taɓa zaton da nawa a ciki ba.

Yaron shagona, Nibaldo, shi ya tona.
Ya ɗaga ƙaramin madubi ta ƙeyata da wasa,
sai ga fili a tsakar kaina,
faɗin bakin kofin shayi,
yana ƙyalli ƙarƙashin fitila.
Na ce, ajiye, akwai aiki.

Wata uku ina kwana da hula.

Ranar Talata na rufe shago,
na ce wa maƙwabta gaisuwar mutuwa zan je.
Lambata arba'in da ɗaya.
Na zauna tsakanin mai tari da mai karyayyen hannu
ina jin kunyar ciwona,
ciwon da ba jini, ba zogi, ba ya hana barci.
Ƙarya nake. Yana hanawa.

Likita Oyarzún sa'ar 'yata ce.
Ta ce, cire hular, sunkuya.
Ni da bakina ya tsufa da faɗin sunkuya!
Yatsunta masu sanyi suka bi ta madigata
kamar manomi yana duba shuka bayan fari.

Ta tambayi kan mahaifina.
Na ce tun yana ɗan talatin ya koma ƙwarya.
Ta auna jinina, ta yi rubutu,
sannan ta ajiye biro ta dube ni:

Ƙwaya ɗaya kullum.
Ka yi gaba da madubi har wata shida.
Waɗanda suka yi nisa ba lallai su juyo ba,
na gida muke tsarewa kada su bi sahu,
ranar da ka daina sha kuwa, su ɗaure kaya.
Wasu mazan sha'awarsu kan yi sanyi;
in ka ji haka ka dawo, ban da kara.
Akwai mai juna biyu a gidanka?

Na ce, 'yata Maritza, wata bakwai.
Ta ce, ko ɓarin ƙwayar kada ta taɓa.

Ta miƙo takarda, hatimi da sa hannu,
rubutu kamar sawun ƙaguwa a yashi.
Na ninke ta huɗu na sa a aljihun da mataji yake.

Tsohon akwatin ƙarfen da ke jan mutane zuwa tudu
ya ɗauke ni yana kukan tsufa.
A gilashinsa na ga mahaifina.
Na tuna yadda yake saɓa ni a wuya
mu hau matakalar nan ɗari da wani abu,
hannuwana biyu dafe da sanƙonsa,
da ɗuminsa na rana, da ƙarnin kifi da gishiri.
Ban taɓa ganin kan da ya fi shi kyau ba.
Ban kuma taɓa faɗa masa ba.

Duk da haka na shiga kantin magani.
Na biya kuɗin askin mutum huɗu.
Na ɗora kwalin can saman kabad,
bayan tukunyar da ba a girki da ita.

Washegari tsoho Hermógenes ya zo yadda ya saba,
sili bai fi goma ba a kansa duka.
Ya zauna ya gyara wuya, ya ce,
rage kaɗan, kada ka yi ƙasa da yawa.
Na yafa masa ƙyalle.
Na daɗe a kansa fiye da kullum.