Batir Mai Kumburi

A tudun Baildon, Asabar da hantsi,
jirgin Zuwaira ya kife a ciyawa.
Fiffike lafiya, farfela lafiya.
Batir ne ya tashi kamar ƙosai a mai.

Na kai hannu zan latsa.
Tsoho Clifford ya cafke ni,
ya nuna min nasa hannun: tabo daga babban yatsa
har inda agogo ke zama.
"Na jona caji, na shiga shan shayi.
Gareji ya tafi."

Ya ɗauko bokitin yashi a bayan mota,
muka binne abin kamar mushen ɓera.
Can sai hayaƙi, fari, mai ɗaci.

Yanzu a gidanmu kan siminti ake caji,
cikin jakar da wuta ba ta ci,
nesa da labule.
Zuwaira ke gadi, littafin lissafi a cinya.
Ko tuwo ya huce,
ba ta tashi sai ta zare waya.

In za a ajiye shi, rabin ciki muke bar masa.
Ƙoshi na kashe shi.
Yunwa ma haka.