Ɗigon Shunayya

A Krasnoyarsk, hawa na tara,
Miron ya kwance tsohon katin hoto,
wanda yayansa ya bari da ya tafi aikin ma'adinai.
Ya kankare busasshen man sanyaya, ya shafa sabo,
ya ɗaura fanka biyu da zaren roba,
ya ce wa tsoho: ƙara gudu.

Tsoho ya ƙara.
Sai dokin cikin wasa ya miƙa wuya har ya huda gajimare,
kogi ya farfashe kamar tangaran,
fuskar maharbi ta zame ta bar idanu a iska.
Garin neman gira.

Ya rage gudun. Kogi ya haɗe, doki ya ƙi.
Ya cire manhaja, ya sa ta bara. Jiya i yau.
Ya buɗe taga, sanyin Janairu ya shigo da haƙoransa,
kakarsa Taisiya ta yi tsaki daga kicin,
amma doki ya mayar da wuyansa.
Ashe zafi ne.

Ƙarfe biyun dare, sukurudireba a baki,
ya gano ƙwayar ajiya guda, tsirara,
ɗan kushin da ke shanye mata zafi
yana manne a hannun rigarsa.

Yanzu kogi kogi ne.
Saura ɗigon shunayya ɗaya a kusurwar sama,
ba ya motsi, ba ya gushewa.
Ya ɗauki hotonsa, ya aika wa yayansa.
Amsa ta iso da asuba:
"Bar shi. Tun zamanina yake nan."