Sai Tanderu Ya Iso

Ran da na sa hannu a Ɗa'if
sanyi ya daskarar da biro.
Abu Rakan ya huhhura masa baki,
ya miƙo mini yana dariya.
Shafi huɗu, Larabci zalla,
Ilu ɗan Makka ke fassara:
riyal dubu da ɗari biyu duk wata,
ɗaki, shinkafa, hutun Juma'a.
Na ce madalla.
Ya ce dakata, Sallau, da saura,
ga wani layi can ƙasa
mai haruffa kamar tururuwa.

Wai duk alkawarin barci yake yi
sai likita ya duba jinina da ƙirjina,
sai hukumar gari ta buga hatimi
a kan shagon da ba a gama fentinsa ba,
sai tanderu ya iso daga tashar ruwan Jidda.
Kafin nan ba ya bi na aiki,
ni ma ba na bin sa ko halala.

Ban yi musu ba. Ni mai burodi ne,
na san sharaɗi tun ina yaron kwaɓi a Gusau:
yis ba ya tashi sai ruwa da ɗumi,
mai zafi ya kashe shi, mai sanyi ya sa shi zuciya.
Ko sallah, da girmanta,
ba ta hawa wuyan bawa sai lokaci ya shiga.

Likita ya gama nasa a kwana tara,
jini lafiya, huhu fes.
Hatimi ya zo a wata na biyu
bayan an sauya ƙofar baya.
Saura tanderu.

Yana cikin kwantena, in ji su.
Kwantena na jiran takarda,
takarda na jiran wani mutum
da ya tafi Abha ta'aziyya.
Ashe sharaɗi ma haihuwa yake yi,
kowane ɗa na goye da ƙanensa.

Ƙarfe uku na dare jikina ke tashe ni,
lokacin kwaɓi.
Hannuwa su lalubi gari su rasa.
Na goge shagon har tayil ya san fuskata.
Na auna gurbin tanderu da taku,
biyar tsaye, uku kwance.
Biran kan dutsen Hada sun fi ni abin yi.

Jiya Kuluwa ta kira.
Alhaji Namadi ya aiko yaronsa,
kuɗin biza, kashi na uku.
Na ce, ki ce masa...
Na yi shiru.
Takardarsa na tuna: rabin shafi,
shaidu biyu, babu layin tururuwa.
Bashinsa ya kama hanya tun ina filin jirgin Kano,
bai tsaya wa likita ba, bai nemi hatimi ba.
Cikin yara ma haka,
bai iya Larabci ba.
Haƙorin Nafi ya fito bai tambayi kowa ba.

Ban ce Abu Rakan ya cuce ni ba.
Shi ma haya na cin sa,
na gan shi cikin mota, goshi bisa sitiyari.
Yakan kawo dabino da ragowar shinkafar gidansa,
ya ce wannan ba ya cikin takarda.
Na sani.
Shi ya sa yake da wuyar haɗiya.

Da na san "sai" na da tsawo haka
da na sa an dabaibaye ta da rana:
in kwana sittin suka cika babu tanderu
a fara ƙirga mini rabi,
ko kowa ya kama gabansa.
Ilu ya ce ana yi mana,
kai ne ba ka tambaya ba.

Daren nan na sayi fulawa kilo ɗaya da kuɗina.
Na kwaɓa a kwanon cin abincina,
na lulluɓe da rigar sanyi, na matsar kusa da hita.
Ba wanda ya sa ni, ba wanda zai biya.
Ina zaune ina kallo,
ya kumbura a hankali har ya ture faifai.

Da safe zan gasa a kasko.
Biyu na Shafikul mai gadi, ɗaya nawa.
Sannan in je in tsaya bakin hanya
inda manyan motoci ke hawowa daga Jidda,
suna nishi.